Yadda Nake Tsallakar da Lambun Bayan Gida Daga Ƙarshen Hunturu Zuwa Bazara

Ranar da na tashi sallar asuba na taɓa ruwan buta na ji bai cije ni a hannu ba, ranar nake sanin aiki ya taso a bayan gida. A nan wajenmu, kudu da Kano kaɗan a kan hanyar Zariya, hakan kan faru ne wajen tsakiyar Fabrairu. Hazo bai gama ɗagawa ba, leɓe yana nan a tsage, faso yana nan a ƙafar yara, amma da hantsi ya dubi ludayi sai ka ji rana ta fara cizo a ƙeya. Sanyin safiyar nan shi ke ruɗar mutane. Suna ganin da sauran lokaci, sai a wayi gari cikin Maris latas ya miƙe ya yi ɗaci, furen tumatir yana zuba, ruwan rijiya ya ja baya har sai an ƙara wa guga igiya. Ba a fafe gora ranar tafiya. Makonni uku zuwa huɗu ne a hannunka, kuma abin da ka yi a cikinsu shi zai nuna ko za a ci gaba da tsinkar ganyen miya a gidanka har ruwa ya sauka, ko kuwa kullum sai an aiki yaro kasuwa.

Lambuna ba wani babba ba ne. Taku 14 ne a tsawo, 9 a faɗi, an kewaye shi da darnin kara. A ciki akwai komaye takwas, wato abin da wasu ke kira fangali, da zogale uku, da lemun tsami ɗaya, da gwanda biyu, da wani ɗan mangwaro da na dasa shekara uku da suka wuce. Rijiyar gida tana daga bakin ƙofar, darbejiya kuma tana waje tana leƙowa ta saman darni. Tun da na ajiye alli na bar koyarwa, nan nake yin hantsina da yammacina. Duk abin da zan faɗa a nan a wannan ɗan fili na koye shi, wani a wurin mahaifina, Allah ya jiƙansa, wani kuma sai da na yi asara.

Aikin farko ba da fartanya ake yinsa ba. Ka zaga komayenka da safe ka raba su gida biyu a ranka: kayan sanyi da kwanansu ya ƙare, da wuraren da za ka ba kayan zafi. Latas, kabeji, karas da lansir duk 'ya'yan sanyi ne. A Janairu dare kan sauko wajen digiri 13 a ƙasar Kano, su kuwa abin da suke so ke nan. A Afrilu rana kan kai 40 har ta wuce. Saboda haka daga tsakiyar Fabrairu na daina yafa irinsu sam. Wanda ke ƙasa a ci shi, a raba wa maƙwabta tun yana da daɗi. In ka ga tsakiyar latas ya fara tasowa kamar hasumiya, ka karya ganye ka ga farin ruwa kamar madara ya fito da yawa, to ɗaci ya shiga. Cire shi gaba ɗaya, ka bar gindi biyu mafi kyau su yi fure don iri. A 2025 an ɗauki azumi ranar 1 ga Maris, na so a samu latas na buɗa-baki, sai na yi wa komi ɗaya rumfa na riƙa ba shi ruwa safe da yamma. Ya kai mu wajen goman tsakiya, daga nan uwargida ta ce, "Malam, wannan kam sai dai awaki." Iyakar abin da rumfa za ta iya ke nan.

Tumatir ya fi ba da tausayi, domin a lokacin ne yake cike da 'ya'ya. In zafin rana ya haura digiri 35 kuma dare bai huce ba, fure ba ya ɗaurewa, sai ya bushe ya faɗi. Kada ka ɗauka taki ne ya yi kaɗan ka je ka ƙara masa. Wanda ya riga ya ɗaura shi ne rabonka, shi za ka lallaɓa ya nuna. Ban ruwa ya zama a kan ƙa'ida, domin in ka bar ƙasa ta bushe ƙamas sannan ka kwarara mata ruwa, 'ya'yan fashewa suke yi, wasu kuma gindinsu ya yi baƙi ya ruɓe. Wanda ya yi yawa a yanka shi biyu a shanya a yi kauɗa. Mu a kan gadon kara muke shanyawa, sama da ƙasa, a rufe da tsohon mayafi marar kauri, saboda ƙurar hunturu in ta zauna a kan yankakken tumatir har cikin miya za ka ji ta a haƙori.

Ka kuma riƙa duba ganyen kowace safiya. A 2016 tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye tumatirin Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, har jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Ni ma komaye uku na rasa cikin kwana goma. Tsutsar ƙarama ce, cikin naman ganyen take shiga ta ci, ta bar wani fari-farin tabo kamar an manna leda. In ka ɗaga ganyen ga rana za ka hango ta a ciki da baƙin kashinta. Daga baya ta huda ɗan tumatirin ta wajen hancinsa. Zafi ne ke sa ta yaɗu, don haka ƙarshen hunturu ne farkon fitinarta. Duk ganyen da ka ga tabon, tsinke shi ka binne da zurfi, kada ka yar a gefen komi. In gindi ya gama ba da 'ya'ya, tuge shi a ranar. Kada kuma ka mayar da tumatir ko gauta ko dankalin Turawa a wannan komin, dangi ɗaya ne a wurinta.

Maganin da nake fesawa daga darbejiyar bakin darni yake fitowa. Ina tara ƙwallayenta lokacin da suke zuba, a wanke a shanya a inuwa a ajiye. In buƙata ta taso sai a ɓare, a daka rabin kilo, a jiƙa a bokitin lita 10 ya kwana. Da safe a tace da tsumma, a narka ɗan sabulu kamar girman ƙwallon dabino a zuba don ya kama ganye. Da la'asar sakaliya ake fesawa, lokacin da ƙudan zuma suka koma, kuma rana ba za ta kashe ƙarfinsa ba. A bi bayan ganye, can darɓa da farin ƙuda suke maƙalewa. Ba ya kashewa nan take kamar maganin kanti, hana ƙwaro ci yake yi, shi ya sa sai an maimaita duk mako. Ni dai abin da jikokina za su tsinka su kai baki ba tare da sun tambaye ni ba, ba na zuba masa guba. Ban da feshi, sau biyu a mako nakan wanke ganyen da tsabtataccen ruwa, sama da ƙasa. Ƙurar da iskar arewa maso gabas ke kwasowa tun daga hamadar Chadi toshe ganye take yi, kuma wasu 'yan mitsi-mitsin jajayen ƙwari masu saƙa kamar gizo-gizo sun fi son ganye mai ƙura.

Albasa ba ta da wahala a wannan lokaci. In ka ga wuyanta ya yi laushi ganye ya fara kwanciya, ɗauke mata ruwa kwana 10 zuwa 14, sannan ka tuge. A shanya ta a inuwa mai iska har wuyan ya bushe, kada a tara ta a buhu da ɗanyen wuya.

Yanzu ga abin da na fi so mai karatu ya riƙe. Tun Nuwamba zanar da na kafa tana gefen arewa maso gabas, tana tare iskar hunturu. Daga ƙarshen Fabrairu abokin gaba ya sauya wuri. Ranar azahar zuwa la'asar ce ke kashe shuka, ita kuwa ta sama da yamma take zuwa. Sai in ciro zanar in mayar da ita yamma, in kafa 'yan sanduna masu kai ƙirji a kusurwoyin komi, in gicciya kara a sama. Kada rumfar ta yi duhu. Ka jera karan da tazara yadda in ka duba ƙasa da tsakar rana za ka ga rabi inuwa rabi haske, kamar zanen tabarma. Tattasai da attaruhu sun fi kowa gode wa wannan rumfa. In suka tsallake Afrilu da rai, da ruwan farko za su sake toho su ba ka 'ya'ya tun kafin na masu sabon dashe su yi fure.

Komin rani a kwarin ƙasa ake yinsa, ƙasa da inda ake takawa da kamar faɗin tafin hannu, don ruwa ya zauna inda aka zuba shi. Kunya mai tudu ta damina ce. Nawa kowanne mita 1 ne a faɗi, 2 a tsawo. A Janairu rabin jarka mai lita 20 kan ishi komi ɗaya a yini. A Maris sai na ba shi jarka guda, kuma da ban rufe ƙasar ba ko ita ba za ta isa ba. Rufin nan shi ne rabin ban ruwa: busasshiyar ciyawa, ƙaiƙayi, ɓuntun shinkafa daga injin casa, ko ganyen darbejiya da iska ta kaɗo, kauri kamar yatsu uku. Ka bar tazara kaɗan tsakaninsa da gindin shuka saboda gara, ka barbaɗa toka a wurin. Ka gwada da kanka: da azahar ka tura yatsa a ƙarƙashin rufin, ka kuma tura a inda ba rufi. Ɗaya da sanyi da laima, ɗaya kamar kaskon tuya. Ruwan kuma a ba shi da sassafe ko bayan la'asar, a gindi, a hankali, har ya nutse. Yayyafin sama-sama saiwa yake jawowa sama, rana ta zo ta dafa ta.

Akwai dabarar da na gani a wurin mahaifina tun ina yaro. Yakan samo tulun da bai sha ado ba, irin mai tsattsafo da ruwa ta jikinsa, ya binne shi har wuya a tsakiyar komi, ya cika shi da ruwa, ya kife masa ɗan kasko a baki. Sai ya shuka kabewa ko gurji ko kuɓewa kewaye da shi, tazarar kamar kamu ɗaya. Ruwan yana fita kaɗan-kaɗan gwargwadon ƙishin ƙasa, rana ba ta shan ko ɗigo. Nawa tulun duk kwana uku nake cika su. Bara da na tono ɗaya bayan damina, na tarar farar saiwa ta lulluɓe cikinsa kaf kamar an saƙa masa riga, sai da na sa wuƙa na kankare. Tulun da ya ɗan tsage, wanda mata suka fitar daga ɗaki, shi ma yana yi in tsagar ba ta yi yawa ba. Kada a manta murfin, saboda sauro.

Ruwan alwala kuwa kada ya tafi a banza. Na ja 'yar hanya daga inda muke alwala zuwa gindin gwanda, mutum shida sau biyar a yini, gwandar nan ba ta taɓa sanin bazara ba. Ruwan wanke hatsi da na ɗauraye kwanuka na kai wa zogale da lemun tsami. Ruwan wanki mai omo ba ya shiga komin ganye, domin a hankali yake kashe ƙasa. Ɗan mangwaron kuma jarka biyu nake ba shi a mako, a cikin ɗan kwarin da na yi masa. Manyan mangwaro da ke cike da fure a wannan wata sun kai saiwarsu inda ruwa yake.

Da dare ya daina sanyi, wajen makon ƙarshe na Fabrairu, sai a shiga shukar kayan zafi a komayen da latas da karas suka bari. Alayyafo ne kan gaba, mako huɗu ka fara yanka. Irinsa ƙanana ne ƙwarai, sai a gauraya da yashi kafin a yafa don kada ya fito a cunkushe. Kuɓewa a jiƙa ta ta kwana, a sa ƙwaya biyu a rami. In ka yi gaggawa ka shuka ta cikin sanyi, zama za ta yi a ƙasa ta ƙi tashi. Rama da yakuwa ba su da fitina. Lalo ne mai taurin kai: ƙulla irin a tsumma, ka tsoma a ruwan da aka sauke daga tafasa, ka ƙirga goma a hankali, ka ciro ka tsoma a ruwan sanyi, ka shanya ya sha iska, ka shuka a ranar. In ba haka ba rabinsa ba zai fito ba. Taki kuwa sai wanda ya ruɓe. Wata shekara na zuba ɗanyen kashin kaji a komin tattasai, kwana uku ganyen ya ƙone kamar an bi shi da wuta, na yi baƙin cikin abin sosai don dashen wata biyu ne. Tun daga nan rami nake yi, in zuba kashin awaki da na kaji da shara da toka, in riƙa yayyafa ruwa ina juyawa duk mako biyu. In ya yi baƙi, ya daina zafi, ya koma ƙamshin ƙasar da ruwan farko ya daka, ya yi.

Duk wanda ya yi lambu a rani zai yi baƙi masu fiffike, ko ya gayyace su ko bai gayyace su ba. Kududdufai sun ƙafe, ciyawar daji ta bushe ko an ƙone ta, lambunka ne kaɗai kore a unguwar. Shekarun farko nakan tarar da nunannen tumatir an huda shi ta gefe an bar sauran. Na yi ta kora. Wata rana ina faɗa a bakin darni sai wani dattijo maƙwabcinmu, abokin mahaifina, ya ce, "Ɗana, ba tumatirinka suke so ba, ruwan cikinsa suke nema. Ba su ruwa ka gani." Na ba su, ɓarnar kuwa ta ragu ƙwarai. Ba ta ƙare duka ba, kuma ban damu ta ƙare ba. Hadisi ya tabbata a Buhari da Muslim cewa babu Musulmin da zai dasa itace ko ya yi shuka, tsuntsu ko mutum ko dabba su ci daga ciki, face ya zame masa sadaka.

Ga yadda nake ajiye musu ruwan. Kasko mai faɗi marar zurfi, ruwan kada ya wuce gaɓa biyu ta yatsa, domin ƙananan ba sa shiga inda ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa. A sa duwatsu biyu ko uku da suka ɗan fito saman ruwa, su ne matakin ƙananan tsuntsaye da ƙudan zuma, waɗanda in babu dutsen nutsewa suke yi. Nawa kaskon a kan wani tsohon turmi yake, wanda gindinsa ya huje na kife shi a inuwar lemun tsami. Tsayin turmin ya hana kaji hawa cikin sauƙi, ƙayar lemun kuma mafaka ce in shaho ya gifta. Sai dai ka share ƙarƙashin, kada a bar duhuwar da kyanwa za ta laɓe. A zubar da ruwan a gindin bishiya kowace safiya a sa sabo, duk kwana biyu ko uku a goge kaskon da soso ba sabulu. In ana haka sauro ba ya samun kwanakin da zai ƙyanƙyashe.

Bayan na dawo daga masallaci nakan zauna a kan buhu daga nesa kaɗan, in yi shiru. Kurciya ce ke fara sauka, ta tsaya a bakin darni ta daɗe tana duba hagu da dama. In ta sa baki a ruwa ba ta ɗagowa, zuƙa take yi kamar doki har ta ƙoshi. Ƙananan kuwa sai su ɗiba su ɗaga kai sama, su ɗiba su ɗaga. Akwai 'yan jajayen nan da ke shiga har tsakar gida suna tsintar tsaki, namijin ja wur da 'yan ɗige-ɗigen fari a gefen ƙirji, macen ruwan ƙasa. Akwai asisi mai ruwan bula, namijinsa da jan tabo a kumatu kamar an ɗiga masa lalle. Su bibbiyu suke zuwa. Sai gwara su sauko a tare su cika kaskon da hayaniya, su yi wanka su fantsalar da rabin ruwan. Can a furen zogale kuma ga ɗan tsuntsun nan mai siririn baki a lanƙwashe, yana ƙyalli in rana ta taɓa shi, yana bin fure ɗaya-ɗaya yana shan zaƙinsa. Ran da na yi sa'a alhudahuda kan sauka a komin da na gama ba ruwa, yana soka dogon bakinsa a ƙasa yana zaro tsutsa, in ya firgita ya baza tukkunsa kamar mafici. Cilakowa ma kan zo ta kama fara, ta kuma ɗanɗani gwanda.

Abinci ba na zuba musu da yawa. Tafi ɗaya na tsakin gero ko sharar bakin rumbu da safe ya isa, wanda za su cinye kafin hantsi, don abin da ya kwana na ɓera ne. Nakan bar gindin alayyafo biyu su yi kai su bushe a tsaye, in kuma gwanda ta nuna ta wuce ci sai in raba ta biyu in ɗora a kan darni nesa da tumatir. Kafin ka sassabe zogale, wanda ya kamata a rage masa tsayi zuwa ƙirji don ya yi rassa, leƙa tukuna. Sheƙar kurciya 'yan tsinke ne kawai da fararen ƙwai biyu, ba wuya ka kakkaɓe ta ba ka sani ba. In akwai, bar wannan bishiyar sai sun tashi.

Sabon tsiro kam dole a kare shi, domin gwara da ƙadangaru ba sa barin alayyafo mai kwana uku. Tsohon gidan sauro da ya yage aka daina kwana a ciki, a wanke shi sosai a ɗaura a kan sandunan komi, a danne bakinsa da duwatsu. Bayan kwana goma a yaye. Na san in aka ce tsuntsu, manomin shinkafa da alkama jan baki ne ke faɗo masa a rai, kuma yana da gaskiya. Wanda ya ga garkensu ya rufe gona kamar hadari a fadamun Hadeja ko Kebbi, har sai an kawo jirgin sama ya yi feshi, ba zai so jin ana shayar da tsuntsu ba. Amma kasko ɗaya a bayan gida ba shi ke kiran jan baki ba, kuma yawancin masu zuwa lambu ƙwari suke ɗebe maka. Har mujiya da mutane ke jifa suna cewa mugun abu ce, ɓeraye take kamawa da dare. A gidana na hana danƙo. Da jikana ya zo da shi na zaunar da shi kusa da ni a kan buhun nan kwana uku a jere. Yanzu shi ke cika kaskon, in ya makara kuma da gudu yake fitowa yana cewa, "Kaka, sun zo?"

In kana kusa da fadama, ka lura da wani siririn tsuntsu mai rawayan ciki da ke bin ƙafafun shanu yana kaɗa jela sama da ƙasa. Baƙo ne daga Turai, hamada ya ƙetaro ya yi hunturu a wurinmu, kamar dubban agwagin ruwa da ke sauka a dausayin Hadeja da Nguru da wajen Dagona a jihar Yobe. A ƙarshen zamansa rawayan kan ƙara fitowa, cikin Maris zuwa Afrilu kuma sai ka neme shi ka rasa.

Kajin gida a raba musu wurin sha da tsuntsayen daji, wannan ba abin sakaci ba ne. Murar tsuntsaye ta fara bayyana a Najeriya a jihar Kaduna cikin Fabrairun 2006, kuma ruwan sha ɗaya hanya ce ta cuta. In ka tsinci mataccen tsuntsu kada yara su taɓa, a ɗauke da shebur a binne. Hunturu kuma shi ne lokacin annobar nan da ke murɗe wa kaza wuya ta sa ta koren zawo, ta share akurki cikin mako guda. Tana da rigakafi, ɗigo ɗaya a ido, ana yin sa a cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato, kuma ana samu ta hannun malaman dabbobi. Duk wata uku zuwa huɗu ake maimaitawa, don haka wanda ya yi a Nuwamba yanzu ne lokacin na biyu. Mu gida biyar muke haɗuwa mu sayi kwalba ɗaya a yi wa kowa rana ɗaya. 'Yan tsaki kuma a tara musu reshen ƙaya a tsakar gida inda za su shige in shirwa ta kawo sura, don yanzu fili ya yi fayau ba ciyawar ɓuya.

Abu biyu na tsaro. Kada a ƙona shara kusa da darni ko rumbu, kara ya bushe ƙayau kuma iska ba ta gama kwantawa ba. Ganyen ma taki ne, ramin takin can ya fi wuta buƙatarsa. Sannan da zafi ya fara, laimar lambu kan jawo kunama da maciji, har kububuwa. Kada ka tura hannu ƙarƙashin rufin ciyawa ko bayan tulu sai ka fara motsa wurin da sanda, in za ka shiga da magariba kuma ka sa takalmi ka riƙe tocila.

Aikin da nake rufe watan da shi shi ne ɗibar iri. Tumatirin da ya fi kyau a gindin da ya fi lafiya nake matsewa a kofi, in bar shi kwana biyu ko uku ya yi kumfa, in wanke, wanda ya nutse shi ne iri, in shanya a inuwa a kan faranti. Irin gwangwani da aka rubuta masa haɗin aure ne ba na ɗibarsa, 'ya'yansa ba sa biyo uwar. Na latas in furen ya yi farin gashi sai a kaɗa kan a cikin roba. Kowanne a kwalbarsa da cokali ɗaya na tankaɗaɗɗiyar toka, a rufe ƙam, a rubuta suna da shekara a manna, a ajiye a ɗakin ƙasa inda ya fi sanyi. Daga nan hankalina ya koma gona: ragowar takin ramin a loda a amalanke a kai a juye tsibi-tsibi, a fara sharar gona. Kaskon turmi kuwa daga Maris sau biyu ake cika shi, safe da azahar, har ran da jikana zai shigo ya ce ya ga shamuwa a kan tsamiyar bakin kasuwa.